Zuwa Ga Isuhu Tela, Wanda Ya Tafi Da Sunana

Isuhu,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, ko da yake na san ba amsawa za ka yi ba, takardar nan kuma ba karanta ta za ka yi ba. Wannan ba sabon abu ba ne. Da ranka ma yaushe ka taɓa sauraron maganata har ƙarshe? Ina magana kana taka keke, allura a baki, kana gyaɗa mini kai kamar ƙadangare. To yanzu ba keke, ba allura, ba inda za ka. Sai ka kwanta ka ji.

Da ɗan ajamin da na tsinta kafin babana ya cire ni daga allo ya kai ni gona nake rubuta maka. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Kai ma ba ka yi ba, lambobin igiyar awo kawai ka haddace, kake rataya ta a wuya kamar wani likita. In rubutun ya karkace, hannun manomi ne, ba na neman afuwar kowa.

Wata shida ke nan da muka kai ka. Garinmu Kwaya tana nan inda ka bar ta, ba abin da ya tsaya don ba ka nan. Damina ta yi kyau, gero ya nuna, har an fara yanka. Gyaɗa ce dai ta gabas ba ta cika ba. Gonarka ta bakin rijiya ciyawa ta cinye rabinta, domin ɗanka Mutari ya fi gane zaman butik, ɗan kantin nan nasa, yana sa wa mutane caji a waya da sunkuyawa a gona. Matarka Rabi ta gama takaba, ta koma Yekuwa wurin 'yarku. Kekenka an lulluɓe shi da buhu, kaji na hawa kai. Masu kawo maka ɗinki sun koma wurin wani tela a Dantchiao, kuma har yau ban ji wanda ya ce wandonsa ya fi na da muni ba.

Ba don wannan na ɗauki alƙalami ba. Maganar suna ce.

Ranar da ka cika, abin da aka yi ta bugawa a waya shi ne Isuhu Mai Jirgi ya rasu. Mai Jirgi. A wurin zaman makoki wani tsoho daga Yekuwa ya kama hannuna ya ce in yi haƙuri, ya san ni ne mai yanko maka kara. Mai yanko maka kara! Ni! Ba don gawarka ba ta gama yin sanyi ba, da a nan za a yi ta.

Bari in tuna maka, tunda ƙasa ta rufe ka kafin ka tuna da kanka. Shekarar da fara ta sauko mana, da ƙaramin jirgin feshi ya riƙa bi ta kan gonaki ƙasa-ƙasa, wa ya kwanta rigingine tsakanin kunyoyi yana kallon cikinsa? Ni. Kai kana ina? Ka shige ƙarƙashin rumbun gwaggo, ka toshe kunne, kana salati. Da aka ce jirgin ya sauka a wani fili kusa da Magaria, wa ya taka da ƙafa ya je? Ni. Na kutsa cikin mutane har na kai ga wutsiyarsa, na sa yatsa na ƙwanƙwasa. Ina zaton ƙarfe ne. Ashe ƙyalle ne, Isuhu. Ƙyalle aka ja a kan ƙashi aka shafe da fenti, ya ɗaure kamar fatar ganga, ana ganin shatin haƙarƙarin ta ciki ɗaya bayan ɗaya. Jandarma ya zuba mini bulala a gadon baya, tabon yana nan har yau. Kai wane tabo gare ka? Na allura a ɗan yatsa.

Na dawo gida na zauna da karan dawa da wuƙa ina ƙera ɗan ƙaramin irinsa. Ni na gano cewa ba kowane kara ke yi ba, sai na bara wanda ya sha inuwa, ba ƙwaro a ciki. Ni na gano a ɓare bayan karan, a tsaga shi siriri, a lanƙwasa haƙarƙari, a soke da ƙayar aduwa maimakon ƙusa. Fiffike ɗaya haƙarƙari goma sha huɗu, kowanne da irin lanƙwasarsa, na kusa da jiki ya fi na baki tudu. Farfela daga gwangwanin tumatir, taya daga tsohon silifa. Wa ya koya mini? Ba kowa. Mutane na cewa Nomau ya zautu, magidanci da 'ya'ya ya zauna yana wasan yara. Kai ma ka faɗa, a bakin masallaci, har da tafa hannu.

Kuskurena ɗaya ne. Da na gama na farko na rasa yadda zan yi masa fata, sai na kawo maka. Na ce ai ɗan gwaggona ne, tela ne, ba ya rasa tsummoki. Ka juya shi, ka taɓe baki, ka ce in bar shi. Bayan kwana huɗu na dawo na same shi rataye a ƙofar shagonka, fari fat, kowane haƙarƙari ya fito, manya da yara sun cika hanya. Ba zan yi ƙarya ba ko ga matacce, ya yi kyau. Amma tun ranar jirgin bai koma gidana ba, sunan kuma bai taɓa zuwa ba.

Ni ina gona, kai kana bakin kasuwa. Ni in yi wata uku ina fere kara har idona ya yi ja, kai ka yi kwana huɗu ka sa masa riga, ka rataya, ka zauna ƙarƙashinsa kana karɓar sannu. Mai wucewa ya yaba hannunka, sai ka yi murmushin nan naka na munafukai ka ce ai baiwa ce daga Allah. Baiwar wa? Sau ɗaya, sau ɗaya tak, ka taɓa buɗe baki ka ce akwai Nomau a cikin rigar nan? Jirgi ashirin da uku muka yi, ina ƙirge da su. Ka ɗinka wa rabin mutanen Kwaya riga, ban ji ka ce kai ka haife su ba. Me ya sa sai nawa?

Ka tuna baƙon nan da ya zo daga Damagaram da na'urar ɗaukar foto? Ya tsayar da kai tsakiyar jiragen, ka gyara hula, ka turo ƙirji. Ina gefe da kwandon kara a kai. Ya ce in ɗan matsa, ina shiga foto. Na kalle ka ina jiran ka yi magana. Ka kalli takalminka. Na matsa. Foton nan yana nan liƙe a bangon shagonka, in an duba can gefen hagu za a ga gwiwar hannuna. Rabona ke nan a shekara talatin.

Yanzu ga abin da ya faru bayanka. An gina sabon aji a lakwal ɗin Dantchiao. Daraktan, wani dogo mai tabarau, ya zo sadakar arba'in ɗinka, ya ga jiragen da ke rataye a shago. Ya ce yana son ɗaya a rataye a ajin ranar da yara za su koma bayan damina, a kafa allo ƙarƙashinsa a rubuta sunan wanda ya yi. Mutari ya yi wuf ya ce a rubuta na babansa. Ina zaune a tabarma ta biyu da goro a baki. Na tofar, na miƙe. Na faɗa wa taron nan abin da na yi shekara talatin ina haɗiyewa. Na ce kai tela ne, telan ma na wando. Na san ba a faɗin haka a sadakar arba'in. Liman ya harare ni, Rabi ta fasa kuka daga cikin gida. Ban janye ba, yau ma ban janye ba.

Daraktan ya rasa yadda zai yi da mu. Sai ya yanke cewa duk wanda ya kawo sabon jirgi da ya gama da hannunsa, ƙashi da fata, shi za a rubuta. In ba wanda ya kawo, a ɗauki tsoho ɗaya a rubuta naka. Na ce na yarda. Na rantse a gaban kowa.

Ɗanka shi ma ya gwada sa'arsa. Ya ɗauko wani tsohon ƙashi nawa da ka bari ba ka rufe ba, ya naɗe shi da baƙar leda, ya manne da sikoc, tef ɗin nan mai danƙo, ya fesa masa fentin azurfa irin na babur. Isuhu, da ka ga abin nan da ka sake mutuwa. Kamar kifin da aka ƙunshe a kasuwa. Ba haƙarƙari, ba shati, sai ƙyalli. Ya ɗauke shi foto ya yi ta turawa, abokansa na cewa ya fi na babansa. Ka ga irin idon da aka yi shekaru ana yabonka da shi? Yini ɗaya ya yi a waje ledar ta saki ta zazzago. Ya cusa shi bayan butik bai ƙara maganar ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ni kuwa na yi ƙashin da ban taɓa yin irinsa ba, faɗin fukafukansa kamu uku. Duk damina, in na taso daga noma ba na zama majalisa, sai kara da wuƙa. Saura fata. Na ce mene ne a ciki? Abin da Isuhu ma ya iya.

Ka tuna yadda nake yi maka dariya kana bin tsofaffi kana roƙon rawunansu da suka mutu, waɗanda wanki ya cinye har ana hango rana ta ciki? Ina ce maka mai tsince-tsince, marowaci, ka ƙi sa wa jirgina sabon yadi don baƙin ciki. To na ce nawa ba zai sa tsumma ba. Na hau kabu-kabu har Magaria na yanko sabon alawayyo mai kauri, yana ƙamshin kanti. Na jiƙa ƙaro na dama shi kamar kunu, don na ce in kaɗan na ɗaurewa, mai yawa ai sai ya fi. Na shimfiɗa yadin a saman fukafukan, na lafta masa, na ja, na manne. Na ce ƙasan sai gobe. Na fitar da shi tsakar gida na ajiye a rana tsaka don ya bushe da wuri, na koma inuwar dogon yaro na zauna ina jiran abin alfahari.

Sai na ji ƙas. Na ɗauka akuya ce ke tauna wani abu. Sai kuma ƙas, ƙas. Yadin na tsukewa yana jan karan, haƙarƙarin na karyewa ɗaya bayan ɗaya a gaban idona. Kafin in kai hannu, fiffiken dama ya murɗe kamar busasshen kwanson wake, na hagu ya ɗaga sama kamar mai roƙon ruwa. Aikin wata uku. Ina tsaye hannu duk ƙaro, ƙudaje na bina. Matata ta leƙo daga madafa, ta kalla, ta koma kan tukunyarta. Gara da ta zage ni.

Tunda mun zo nan, bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Jirgin nan mai jar wutsiya da aka tarar an farke masa ciki shekarun baya, aka ce ɓera ne? Ni ne. Ranar kana kasuwar Dantchiao na shiga shagon na sa reza na tsaga, ina son in ga me kake sawa. Na shinshina, na lasa, na gane ƙaro ne, bayan wannan ban gane komai ba. Ka sake rufe shi, sai dai da muka haɗu ka ce ɓerayen bana sun iya yanka miƙaƙƙe. Ka sani. Ka sani, ka bar ni ina yawo da kunyata. Mutane na cewa kana da haƙuri. Wannan ba haƙuri ba ne, mugunta ce mai sanyi.

Kwana uku ban fita ba, ga shi saura kwana goma sha biyu a buɗe lakwal. Ran na huɗu na ɗaura wa jaki amalanke na tafi Yekuwa. Ka san abin da tafiyar nan ta ci mini? In je in tsuguna gaban matar da na sa kuka ranar sadakar mijinta. Ta bar ni a zaure har inuwa ta juya kafin ta fito. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi jikoki, na tambayi awaki, sannan na ce ko ta san asirin da kake sawa a ƙaron.

Dariya ta yi, Isuhu, har da riƙe ciki, matar da ta fita takaba jiya-jiya. Ta ce ba wani asiri. Ta ce tsohon rawani kake nema don ya gama tsukewarsa a wanki, ba sauran ja a jikinsa. Ƙaron kuma tsararo kamar ruwan shayi, shafi uku, kowanne sai ya bushe a ƙara. Sama da ƙasa lokaci ɗaya, don kada gefe ya rinjayi gefe. Kuma ba ya ganin rana, ƙarƙashin gadonta kake tura shi ya kwana uku. Ta ce har jikokinku sun san wannan. Sannan ta daina dariya. Ta ce kullum kana cewa ranar da Nomau ya tambaya za ka zaunar da shi ka nuna masa, rabin yini ya isa. Ta ce har a ciwon ajalinka ka faɗa.

To, na ji. Wai in ji haka in yi kuka? Wane irin mutum ne zai zauna shekara talatin da abu a hannu yana jira a roƙe shi? Ba ka san hanyar gidana ba? Katanga nawa ce tsakaninmu? Tun muna tsirara ka san halina, ka san ba zan tambaya ba, shi ya sa ka rataya abin a kan tambaya. Ka ajiye kyauta inda ka tabbata hannuna ba zai kai ba, ka mutu ana ce maka mutumin kirki. Wayo ne irin na tela, mai rage yadi yana gaishe ka.

Sai a hanyar dawowa na tuna zuwana na ƙarshe duba ka. Kana kwance ka zama kara kai ma. Ka riƙe mini hannu ka ce ko akwai abin da nake son tambayarka. Na san abin da kake nufi, kada ka zaci ban sani ba. Na tambaye ka ko ka sha magani. Ka saki hannun ka juya bango. Wannan kam ban san na wa ne laifin ba, kuma ba yau zan zauna raba shi ba.

Rabi ta fito mini da rawuna biyu da ka tara. Na ƙi karɓa. Ba zan bari a ce ko tsumman naka ne ba. Na dawo gida na kwance nawa daga kaina, wanda na yi shekara tara ina naɗawa, na sa masa almakashi.

Na sake fukafukan cikin kwana huɗu, ido na ruwa, yatsu duk ƙaya. Na yi yadda ta ce, ina yi ina tsaki, don kowane mataki naka ne. Ya kwana uku ƙarƙashin gado. Da na jawo shi bai karye ba, bai murɗe ba, haƙarƙarin sun fito. Amma a bakin fiffike, inda yake zagayewa, yadin ya tattare kamar wuyan tsohuwa. Naka bai taɓa yin haka ba. Na juya abin a kaina na rasa yadda kake kashe wannan lanƙwasar ba tattara ko ɗaya. Na aika a tambayi Rabi, ita ma ba ta sani ba. Wannan kam ka tafi da shi. Ashe kwana huɗun nan naka ba zaman banza ba ne. Na faɗa sau ɗaya, kada ka sa rai da na biyu.

Jiya Litinin na ɗora shi a amalanke na tafi Dantchiao, hula a kaina ba rawani, ina tafe ina tallabe da shi kamar mai ɗauke da ƙwai. Daraktan ya duba sama ya duba ƙasa, ya ga tattarar ya yi kamar bai gani ba, ya sa aka rataye. Mushen ajin, wato malaminsu, ya rubuta allon da farin fenti. Ban yarda da su ba, 'yan lakwal ne. Na ciro katina na ɗan ƙasa na kara kusa da allon, na bi baƙaƙen ɗaya-ɗaya da yatsa. Sun yi daidai. Sunana ne da na ubana, ba naka a ciki. Mutari na tsaye bakin ƙofa ya sunkuyar da kai. Na ci, Isuhu. Ka ji? Na ci.

Sai iyaye suka fara shigowa da 'ya'yansu. Suka ɗaga kai. Wani ya ce Allah sarki, jirgin Isuhu. Wani ya ce ashe ka bar ɗaya kafin ka tafi, shi ya sa bakin fiffiken ya tattare, ciwo ya riga ya ci hannunka. Ina tsaye ƙarƙashin allon ina buga shi da sanda. Wa zai karanta? Duk irina ne, ba wanda ya yi lakwal. Yaran da suka iya karatun kuwa ba ruwansu da allo, jirgin kawai suke kallo baki buɗe. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta fara yi maka addu'a, wai Allah ya haskaka kabarin mai jirgi, Allah ya hutar da hannun da ya yi wannan a aljanna. Ajin gaba ɗaya ya ɗauka. Ta juyo ta kalle ni, don ni kaɗai ne hannuna ke ƙasa.

Na jingine sandar, na ɗaga hannu, na ce amin. Me zan ce? In tsaya gardama da addu'a? Hannun da ta ambata dai ban san na wa mala'iku za su rubuta ba. Su ba a yi musu rufa-rufa da tsumma.

Labarin ke nan. Allon nawa ne, bakin mutane naka ne, ka riƙe. Ba zan ƙara taka Dantchiao ba. Allah ya jiƙanka, ya sauƙaƙa maka kwanciya, ba don ka kyauta mini ba. In na zo, kuma ba da daɗewa ba ne, ka tanadi bayanin bakin fiffiken nan. Ba tambayarka zan yi ba. Kai za ka faɗa da kanka.

Ni ne ɗan kawunka,
Nomau na Kwaya, wanda ya yi jiragen.